Wa Ya Kashe Direban Janar Sternwood?

Manazarta da dama sun ɗauka cewa abin da ke jan hankalin mai karatu ga ƙagaggen labarin binciken asiri shi ne kacici-kacici: an yi kisa, sai a yi ta bin diddigi har a gano mai laifi a shafin ƙarshe. Wannan gaskiya ne dangane da labaran Sherlock Holmes, wanda Conan Doyle ya fito da shi a 1887. Amma a ganina bayanin bai gamsar ba idan aka zo kan mai bincike mai zaman kansa irin na marubutan Amurka, kuma hujjata tana cikin littafin Raymond Chandler mai suna The Big Sleep, wanda aka buga a 1939.

A cikin littafin an tsamo gawar Owen Taylor, direban gidan Janar Sternwood, daga teku, a cikin motar gidan. Har labarin ya ƙare ba a tabbatar da yadda ya mutu ba. Da masu shirya fim ɗin littafin, wanda ya fito a 1946, suka buga wa mawallafin waya suna tambaya, sai ya amsa cewa shi ma bai sani ba. Da a ce warware kacici-kacici ne jarin littafin, ai da wannan giɓi ya kashe masa kasuwa tun tuni. Ga shi kuwa har yau ana karanta shi.

To, me ke riƙe mai karatu? Tauraron ne, wato Philip Marlowe. Mutum ne da aka kora daga ofishin lauyan gwamnati saboda rashin yi wa na gaba ladabi, ya koma yana aiki a kan dala 25 a yini, ban da kuɗin zirga-zirga. Janar, tsoho mai arzikin man fetur wanda ke bakin kabari, ya ɗauke shi don ya raba shi da wani mai sayar da littattafai da ke neman tatsar sa da takardun bashin cacar 'yarsa Carmen. Daga nan Marlowe ya zama jagoranmu a birnin Los Anjeles. Da shi muke shiga falon attajiri, da shi muke shiga gidan caca, muna ganin yadda su biyun ke cin tuwo a akushi ɗaya, 'yan sanda kuwa sun kau da kai.

A labaranmu na gargajiya, hikimar sarki ko ta alƙali ce ke tona asirin ɓarawo, domin an ɗauka hukuma ce gidan gaskiya. Chandler ya kwance wa hukuma wannan rawani ya naɗa wa talaka mai ɗakin haya. Ina jin shi ya sa 'yan makarantun sakandare na Nijeriya suka yi ta wawar littattafan James Hadley Chase a shekarun 1970 da 1980, ko da yake, a gaskiya, Chase bai kama ƙafar Chandler wajen salo ba.

Sai dai kada a ɗauka Marlowe gwarzon adalci ne. Ya gano cewa Carmen ce ta harbe Rusty Regan, mijin yayarta. An yi masa tayin dala 15,000, ya ƙi karɓa. Amma bai kai ta gaban shari'a ba, bai kuma gaya wa Janar ba. Abin da ya nema shi ne a kai yarinyar inda za a yi mata magani, a bar tsohon ya cika bai san abin da 'yarsa ta aikata ba.