Tsagaita Wuta Ba Ƙarshen Yaƙi Ba Ne



Da zarar an ce an tsagaita wuta a Gaza ko a Sudan, sai ka ji ana hamdala a majalisu, wai yaƙi ya ƙare. Kwana kaɗan a ji luguden wuta ya dawo, sai a ce ai dama yaudara ce. Sau da yawa ba a yaudari kowa ba. Kalmomi ne daban-daban na Ingilishi muke dunƙulewa wuri guda a ɗakunan labarai, alhali kowace da nauyinta.

Mafi sauƙinsu ita ce truce. A Kirsimetin 1914, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin Birtaniya da na Jamus sun fito daga ramukansu a wasu sassan fagen daga, suka gaisa, suka yi musayar taba, suka binne gawarwakinsu. Babu shugaban da ya sa hannu a takarda, kuma ba a daɗe ba suka koma harbin juna. Ita kuwa ceasefire umarni ne daga sama, galibi da masu shiga tsakani, a faɗi rana da sa'a. Akwai kuma ɗan hutun jinƙai, irin wanda aka fara a Gaza ranar 24 ga Nuwamban 2023 domin musayar fursunoni da shigar da abinci. Kwana bakwai ya yi, faɗa ya dawo.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne armistice. Wannan rubutacciyar yarjejeniya ce da manyan hafsoshi ke sa wa hannu a daina faɗa baki ɗaya, amma ba ta warware abin da ya haddasa yaƙin. Ranar 11 ga Nuwamban 1918 bindigogin Yaƙin Duniya na Ɗaya suka yi shiru da ƙarfe 11 na safe, amma sai ranar 28 ga Yunin 1919 aka ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya da Jamus a Versailles. Su dai sun ƙarasa. Koriya fa? A Panmunjom, ranar 27 ga Yulin 1953, rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya ƙarƙashin Amurka, da Koriya ta Arewa, da dakarun Sin suka amince a dakatar da faɗa. Koriya ta Kudu ma ba ta sa hannu ba. Aka shata wani ziri mai faɗin kilomita 4 tsakanin ƙasashen biyu, aka ce sulhu zai biyo baya. Yau sama da shekara 70 ke nan bai biyo ba, shi ya sa har gobe dubban sojojin Amurka ke jibge a Kudu.

Surrender kuwa miƙa wuya ce, kuma mun san ta a gida: ranar 15 ga Janairun 1970 Philip Effiong ya miƙa wuyan Biyafara ga Janar Yakubu Gowon a Barikin Dodan da ke Legas. Wannan kam ƙarshen yaƙi ne.

Tunda an zo nan, bari mu taɓo casualties, wadda ake yawan fassarawa da “waɗanda suka mutu”. Kuskure ne babba, domin ta haɗa matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace da waɗanda aka kama. A ranar farko ta gumurzun Somme na Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1 ga Yulin 1916, Birtaniya ta ƙirga 57,470, amma waɗanda suka rasu 19,240 ne. Mai fassarar da ya yi gaggawa ya kashe mutum dubu 38 da bakinsa.

Don haka, 'yan'uwa masu fassara da editoci, Hausa ba ta gaza ba: akwai dakatar da faɗa, akwai tsagaita wuta, akwai sulhu, akwai miƙa wuya. Ku duba wanda ya sa hannu da kwanakin da aka ɗiba kafin ku karanta wa jama'a.