Raddi Ga Mai Cewa "Shaihu Umar" Wa'azi Ne Kawai

Kwanakin baya na zauna a wani taron masu nazarin adabi, inda wani malami da nake girmamawa ya ɗora littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa a kan mizani, ya ce bai yi nauyi ba. A cewarsa tauraron labarin gungume ne da ruwa ke ja, zubin labarin duk dace ne da katari, kuma marubucin ya shafa wa bauta mai. Abin ya tsaya mini a rai, domin littafi ne da na karanta har bangonsa ya fita. Malam, Allah ya gafarta maka, ga amsata.

Ka ce Umar ba ya aikata komai, sai dai a aikata masa. Haka ne, kuma nan ne gizo ke saƙa. Yaron da aka sace yana ƙarami, aka kai shi Kano, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, aka haye Sahara da shi zuwa Bar Kufa ta ƙasar Masar, wane zaɓi kake so ya yi? Bawa ba shi da ta cewa. Da an mai da shi jarumin da ke kashe arna dubu da takobi ɗaya, da an sami wani Ganɗoki, littafin Malam Bello Kagara da suka fito tare daga gasar 1933 ta Hukumar Fassara a Zariya. Ɓalewa ya zaɓi wata hanya dabam. Abu ɗaya da aka bar wa Umar a hannunsa shi ne allo, kuma da shi ya tashi daga yaron da aka saya zuwa malamin da ɗalibai ke durƙusawa gabansa a Rauta.

Ban da haka, ka nemi motsi a inda ba ya nan. Mai motsi a littafin nan uwar Umar ce. Ita ce ta bar zaman aure da kwanciyar hankali ta bi sawun ɗanta. Ita ce wani mai suna Ado ya yaudara da alkawarin zai sada ta da shi, ya ja ta har Murzuk, ƙarshenta ɗiya mai 'yanci ta zama abin sayarwa. Ka dubi yadda marubucin ya jera su biyun: hanya ɗaya suka bi, rairayi ɗaya suka taka, ɗan ya sami uban goyo da malami, uwar ta sami mari da duka. Wanda bai san abin da yake yi ba ba zai ɗinka wannan ba.

Sai batun dace. Na yarda haɗuwarsu a Tarabulus tana iya yi wa mai karatun yau kama da tatsuniya. Amma a wancan zamani Tarabulus ce matattarar ayarin da ke tasowa daga Kano ta Fezzan, kuma fataken Larabawa na Gadamas da Tarabulus suna da gidajensu a cikin birnin Kano. Duk wanda aka ɗauko ta wannan hanya, can ake sa ran ganinsa. Kuma ba a jefo mana haɗuwar daga sama ba. Tun Umar yana Masar, cikin daula da girma, ya yi mafarkin zakanya da aka raba da ɗanta, hankalinsa ya tashi, ya nemi komawa gida. Hannunka mai sanda ke nan. Mai karatu ya riga ya ji a jikinsa cewa za su gamu, ya kuma ji cewa gamuwar ba za ta yi daɗi ba. Haka kuwa aka yi: ta gan shi, ba ta daɗe ba ta cika.

Isharar da ta fi wannan girma tana farkon littafin, kuma mamaki nake yi da ta wuce ka. Da me labarin ya soma zafi a Kagara, garin su Umar? Da hari. Makau, mijin uwar Umar, bafade ne da ya fita kamun bayi a ƙasar Gwari, ya dawo da ganima, fadawa 'yan'uwansa suka yi masa hassada da ƙazafi, sarki ya kore shi. Daga wannan harin gidan ya watse. Mutumin da ya raba 'ya'yan wasu da iyayensu, ga agolansa a kasuwar bayi, ga matarsa cikin mari. Marubucin bai tsaya ya nuna maka da yatsa ba, ya bar ka ka haɗa da kanka.

Wannan kuma ya isa amsa ga zarginka na uku. Gaskiya ne Abdulkarim mutumin kirki ne a labarin, kuma babu inda Umar ya miƙe ya la'anci cinikin bayi. Amma ka tuna lokacin. Littafin ya fito a 1934, marubucin yana malamin makaranta ɗan shekara ashirin da 'yan kai, kuma sai a 1936 doka ta ƙarasa soke bauta a Arewa. Waɗanda aka kama da waɗanda suka kama duk suna raye, wasu a gida ɗaya. A irin wannan zamani ya nuna musu uwa tana mutuwa a baƙuwar ƙasa, sa'an nan ya sa guguwar rairayi ta binne ayarin gaba ɗaya, har da Abdulkarim ɗin mai kirki, da dukiyar da aka tara. Umar kaɗai ya fita. Inuwar Rabe, wanda ya ci Barno a 1893, tana nan a ƙarshen labarin don tunatar da cewa a zamanin gaske abin ya faru.

Malam, ina roƙonka ka sake ɗaukar littafin, wannan karon ka bi sawun uwar tun daga garinsu Fatika har Tarabulus, sa'an nan mu sake zama.