Togo: An Sauya wa Tuwo Suna

Ranar 3 ga watan Mayu na 2025, Faure Gnassingbé ya daina amsa sunan shugaban ƙasar Togo, bayan shekara 20 yana ɗauke da shi. A wannan ranar ya yi rantsuwar kama wani sabon muƙami, shugaban majalisar ministoci, su kuma ƴan majalisa suka zaɓi dattijo Jean-Lucien Savi de Tové, mai shekara sama da 80, ya zama shugaban jamhuriya. Wanda ya ji labarin daga nesa zai ɗauka an sami canji. Amma sabon kundin tsarin mulki ya tattara gwamnati da rundunar soja da hulɗa da ƙasashen waje a hannun shugaban majalisar ministoci, bai kuma ƙayyade masa yawan wa'adi ba. Wata ɗaya bayan rantsuwar, matasa suka fito titunan Lome. Fitowarsu ta nuna cewa tambayar da ke ci wa Togo tuwo a ƙwarya tana nan ba a amsa ta ba: da yardar wa iyali ɗaya ke riƙe da ƙasa tun 1967?

Akwai kalmomi biyu da ya kamata a raba tun farko, domin rikicin a tsakaninsu yake. Ta farko bin doka, wato a ce an yi abu bisa ga abin da ke rubuce. Ta biyu halacci, wato jama'a su yarda cewa mai mulki ya hau ta hanyar da ta dace, kuma akwai hanyar da za su iya sauke shi. A ƙasar da al'amura ke tafiya daidai, kalmomin nan tare suke tafiya. A Togo sun rabu, saboda duk lokacin da rubutacciyar doka ta tare wa gidan Gnassingbé hanya, ita dokar ake gyarawa. Dokar da wanda za ta hana ke iya sake wa kalmomi a ranar da ta takura shi ta rasa ikon ba shi halacci.

Tarihin ƙasar ya tabbatar da haka daki-daki. Gnassingbé Eyadéma ya karɓi mulki ta juyin mulkin soja a 1967, shekara huɗu bayan kashe shugaban farko, Sylvanus Olympio. Ya yi mulkin jam'iyya ɗaya har zuwa boren Oktoba na 1990 da babban taron ƙasa na 1991. Daga wannan gwagwarmaya aka sami kundin tsarin mulkin 1992, wanda jama'a suka amince da shi ta ƙuri'ar raba gardama. Aya ta 59 ta ba shugaba wa'adin shekara biyar sau biyu, sannan ta ɗora jimla guda mai farawa da «en aucun cas», ma'ana ko ta wane hali ba wanda zai yi fiye da wa'adi biyu. Marubutan sun san da wanda suke. A watan Disamba na 2002, da wa'adin Eyadéma na biyu ya kusa cika, majalisar da jam'iyyarsa ta mamaye ta goge iyakar, ya sake tsayawa a 2003.

Da ya rasu ranar 5 ga Fabrairu na 2005, doka ta ce shugaban majalisar dokoki, Fambaré Ouattara Natchaba, shi zai riƙe ƙasa har a yi zaɓe. Mutumin yana waje a lokacin. Aka rufe iyakoki, jirgin da ya ɗauko shi ya sauka a Kwatano, manyan hafsoshin soja suka miƙa mulki ga ɗan marigayin. Kashegari majalisa ta tsige Natchaba, ta naɗa Faure a gurbinsa, ta kuma gyara doka domin ya ƙarasa wa'adin mahaifinsa. Wato an fara aikatawa, daga baya aka rubuta dokar da za ta halatta abin da aka riga aka yi. Matsin lambar ƙungiyar CEDEAO, wadda shugaba Tandja Mamadou na Nijar ke jagoranta a lokacin, da na Tarayyar Afirka, ya sa Faure ya sauka ranar 25 ga Fabrairu. Ya dawo ta zaɓen 24 ga Afrilu, wanda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce tarzomar da ta dabaibaye shi ta ci rayuka 400 zuwa 500, dubban mutane kuma suka yi gudun hijira zuwa Gana da Benin.

Zanga-zangar da ta ɓarke ranar 19 ga Agusta na 2017 ta girgiza gwamnati fiye da na baya, domin daga Sokode ta yi ƙarfi, a tsakiyar ƙasa, ƙarƙashin Tikpi Atchadam da jam'iyyarsa ta PNP. An daɗe ana cewa adawa ta mutanen kudu ce, arewa ta gidan mulki ce; wannan karon zancen bai zauna ba. Jam'iyyu 14 suka haɗe, bukatarsu a koma ga kundin 1992 yadda yake, tare da jimlar nan ta «ko ta wane hali». Gwamnati ta katse intanet a watan Satumba, matakin da kotun CEDEAO ta yanke a 2020 cewa ya keta ƴancin faɗar albarkacin baki. A watan Mayu na 2019 aka mayar da iyakar wa'adi biyu, amma aka rubuta cewa wa'adin da aka riga aka yi ba su shiga lissafi. Da wannan Faure ya tsaya a 2020 tamkar sabon ɗan takara.

Gyaran na 2019 ya tanadi cewa ba za a taɓa ayar wa'adi ba sai ta ƙuri'ar raba gardama. A 2024 aka kewaye wannan sharaɗi ta hanya mai ban mamaki: aka bar shugaban jamhuriya da iyakar wa'adinsa, aka kwashe ikon aka kai wani ofishi. Majalisar da ta zartar da sabon kundin ranar 19 ga Afrilu wa'adinta ya riga ya ƙare, kuma ba a nemi ra'ayin jama'a a akwatin zaɓe ba. Kwana goma bayan haka jam'iyyar UNIR mai mulki ta sami kujeru 108 cikin 113. Tunda shugaban jam'iyyar da ke da rinjaye shi ke zama shugaban majalisar ministoci, sakamakon a bayyane yake. Ɗan Togo ya rasa damar zaɓen mai mulkinsa kai tsaye, ba tare da an tambaye shi ba.

Magoya bayan gwamnati suna da hujjoji, kuma adalci ne a saurare su. Suna cewa tsarin majalisa ba baƙon abu ba ne, a Ingila da Jamus da Indiya ba a ƙayyade wa shugaban gwamnati wa'adi. Angela Merkel ta yi shekara 16. Suna cewa yankin Savanes na arewa yana fama da hare-haren masu ɗauke da makamai, yana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2022, don haka ba lokacin jijjiga ƙasa ba ne. Suna nuna tashar jiragen ruwa ta Lome, wadda ta zama babbar ƙofar hajar ƙasashen Sahel, har da Nijar, musamman tun rufe iyakarta da Benin a 2023. Suna kuma cewa ƴan adawa su suka karya kansu, da rarrabuwa da ƙaurace wa zaɓen ƴan majalisa na 2018. A wannan na ƙarshe akwai ƙamshin gaskiya.

Sai dai hujjar farko ta manta abin da ke riƙe tsarin majalisa. A ƙasashen da aka ambata, jam'iyya mai mulki tana faɗuwa zaɓe, ƴan majalisarta ma suna iya juya wa shugabansu baya. Wannan tsoron faɗuwa shi ke tsayawa a madadin iyakar wa'adi. A Togo ba a taɓa ganin mulki ya bar gida ɗaya ta akwatin zaɓe ba cikin shekara 58. Hujjar tsaro kuwa kan mai ita take komawa. Ƙasar da ke yaƙi a iyakarta ta fi kowa bukatar jama'ar da ta yarda da gwamnatinta, kuma sojan da aka tura ya tarwatsa matasa a unguwannin Lome an ɗauke shi ne daga wani aikin. Zaman lafiyar da ya dogara da mutum ɗaya yana da ranar ƙarewa. 2005 ta nuna abin da ke faruwa ranar da mutumin ya kau.

Abin da ya faru a watan Yuni na 2025 shi ne farashin wannan hanya. An kama mawaƙi Aamron a ƙarshen Mayu bayan ya soki gwamnati. Matasa suka fito ranar 5 da 6 ga Yuni, suka sake fitowa daga 26 zuwa 28. Ƙungiyoyin farar hula sun ce mutum bakwai sun mutu, an tsamo gawarwaki daga ruwa. Hukuma ta ce nutsewa suka yi. An dakatar da RFI da France 24 na wata uku. Kiran ya fito ne daga masu fasaha da ƴan ƙasar mazauna waje ta kafofin sada zumunta, tsofaffin jam'iyyu suna biye. Yawancin waɗanda suka fito ba su taɓa sanin wani suna a kan mulki ba sai Gnassingbé. Idan matashi ya tabbata ƙuri'arsa ba za ta kai ga mai mulki ba, titi ne kawai ya rage masa, titi kuwa ba ya da alƙali.

Darasin ya wuce Togo. Tandja da ya tsaya kan a bi doka a Lome a 2005, shi ne ya shirya ƙuri'ar tazarce a Yamai a watan Agusta na 2009, sojoji suka kifar da shi a Fabrairu na 2010. A Gabon, gidan Bongo ya riƙe mulki daga 1967 har zuwa 30 ga Agusta na 2023, ranar da sojoji suka kawo ƙarshensa jim kaɗan bayan sanar da sakamakon zaɓe. Inda aka toshe ƙofar doka, ta bariki ce ke buɗewa, kuma wadda ta buɗe ta bariki ba ta da tabbacin mayar wa jama'a haƙƙinsu.

Mafita ga Togo ba ɓoyayya ba ce. A kai kundin 2024 gaban jama'a su amince ko su ƙi. A sa wa ofishin da ke riƙe da iko na gaske iyakar wa'adi, da kalmomin da ba su bar kafa ba, kamar na 1992. A sake duba rabon mazaɓu da tsarin hukumar zaɓe tare da ƴan adawa, a saki waɗanda aka tsare saboda ra'ayinsu, a gudanar da bincike mai zaman kansa kan mamatan Yuni. Idan Faure Gnassingbé yana da goyon bayan da kujeru 108 ke nunawa, ƙuri'ar raba gardama ba za ta rage shi da komai ba. Idan kuwa yana shakkar sakamakonta, to shakkar tasa ta riga ta amsa tambayar da matasan Lome suka fito da ita.