Duniya Labari: Tsohuwar Gonar Da Ta Zama Masauƙin Baƙi

A wannan mako filin zai leƙa ƙasar Afirka ta Kudu, inda akwai wata gona da ake kira Babylonstoren, mai nisan kimanin kilomita 60 daga birnin Kef Tawun. Gonar ta haura shekara 300 da kafuwa, kuma ta yi suna wajen lambunta na itatuwa da masauƙin baƙi da ke cikinta. Amma duk wanda ya bi tarihinta zai tarar an rubuta sunayen masu gona, an bar na waɗanda suka yi shuka.

Asalin labarin ya faro ne cikin shekarar 1652, sa'ad da kamfanin cinikin Turawan Holan ya aiko Jan van Riebeeck ya kafa zango a Kef. Jiragen ruwan kamfanin sukan yi wata da watanni a kan teku kafin su isa ƙasashen Gabas, matuƙa kuwa suna ta mutuwa da ciwon ruɓewar dasashi saboda rashin ɗanyen ganye da 'ya'yan itatuwa. Don haka aikin farko da aka yi shi ne dasa lambu. Da lambun ya kasa ƙosar da jiragen, sai kamfanin ya shiga yanka wa Turawa gonaki a cikin makiyayar kabilar Khoikhoi, waɗanda suka daɗe suna kiwon shanu da tumaki a wurin.

Ta haka ne a 1692 Gwamna Simon van der Stel ya ba wani Bature mai suna Pieter van der Byl fili a kwarin Drakenstein. Akwai wani tsauni mai tsini a gefen filin, wanda Turawan suka kamanta da hasumiyar Babila, watau ma'anar sunan gonar ke nan. Babban gidan da ke tsaye a can an gina shi a 1777, akwai kuma tsohon rumbun alkama da akurkin kaji da hasumiyar ƙararrawa. Irin wannan ƙararrawa ce ake bugawa a gonakin Kef don kiran bayi zuwa aiki, gama da gumin bayi aka raya yankin. An kwaso su daga Madagaska da Mozambik da Indiya da tsibiran Indonesiya, cikinsu har da Musulmi masu yawa. Sai a 1834 aka soke bautar, duk da haka aka tilasta musu ci gaba da yi wa iyayengijinsu aiki har 1838.

Noman inabi shi ne jigon arzikin yankin, har zuwa 1886 lokacin da wani ƙwaro mai cin saiwar inabi ya ɓulla, ya bar manoma cikin fatara. Masu iya magana sun ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. A 1892 aka yi nasarar kai nunannun 'ya'yan itatuwa daga Kef har Landan cikin jirgin ruwa mai ɗakin sanyi, ba su ruɓe ba. Ganin haka sai Cecil Rhodes ya soma sayen gonakin kwarin daga wajen 1897, ciki har da Boschendal, aka cika su da itatuwa. Tun daga nan kwarin ya zama gidan 'ya'yan itatuwa.

Sauyi na baya-bayan nan ya zo ne a 2007, sa'ad da attajiri Koos Bekker da maiɗakinsa Karen Roos suka sayi Babylonstoren. Wannan attajiri yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin da ya kawo DStv, wadda masu karatu suka sani a gidajensu. Suka ɗauko wani gwanin tsara lambu daga Faransa, Patrice Taravella, ya zana musu lambu mai faɗin eka takwas, bisa koyi da wancan lambu na 1652. Aka dasa iri fiye da 300, kowane ko dai a ci shi ko a yi magani da shi, kamar su gwaiba da lemo da ɓaure da zaitun, ruwan rafi yana gangarowa ta magudanai yana shayar da su. Tsohon garken shanu aka mai da shi ɗakin cin abinci, aka buɗe masauƙin a 2010. Baƙo ya kwana, ya wayi gari ya tsinki abin da ya nuna da hannunsa. Hikimar ita ce, maimakon manomi ya ɗauki amfaninsa ya kai kasuwa ya jira farashi, sai mai saye ya biyo shi har gona, ya biya kuɗin kallo da na ci da na kwana.

To, amma ina rabon masu aikin gona a yankin? Bayan bauta, a gonaki da yawa an riƙa biyan leburori wani kashi na ladansu da giya, al'adar da ta lalata iyalai, ba ta kuma mutu nan take ba ko da doka ta hana ta a farkon shekarun 1960. A Nuwamban 2012 leburorin gonakin inabi na garin De Doorns suka yi yajin aiki, suna neman a daɗa ladansu daga rand 69 a yini zuwa 150. A 2013 gwamnati ta tsayar da shi a rand 105.

Lalle gyaran da aka yi wa wannan gona abin yabo ne, domin an ceci tsofaffin gine-gine, an kuma samar wa mutane aiki. Sai dai baƙon da ya zauna a inuwar itatuwan ya kamata ya tuna da makiyayan da aka kora daga filin, da bayin da ƙararrawa ke tayarwa da asuba. Tarihin lambu ba ya cika sai an ambaci hannun da ya riƙe fartanya.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai rai.