Zafin Rana Ba Ya Wanke Ruwan Tabki

Akwai wata magana da muke yawan ji a bakin iyaye idan sun kawo yaro asibiti yana fitsarin jini. Sukan ce, "Ai da bazara ya yi wanka, rana ta riga ta kashe cutar da ke cikin ruwan." Ni ban yarda da wannan magana ba, kuma ina so kai ma ka bar ta.

Jikinka yana riƙe da ɗuminsa, digiri 37, ko da hunturu ko da bazara. Ƙananan halittun ruwa ba haka suke ba. Katantanwa da tsutsar sauro ba su da ɗumin kansu, na ruwan suke ara. In ruwa ya yi sanyi, kamar yadda yake yi da asuba a Jugu cikin Janairu, komai nasu sai ya yi nawa. In ya yi ɗumi, sai su ƙara ci, su yi saurin girma da hayayyafa. Ƙarin digiri 10 yakan kusan ninka saurin aikin jikinsu.

Me ya kai ɗan littafin lafiya zancen katantanwa? Tsargiya. Mai ciwon ya yi fitsari a tabki, ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta shige jikin katantanwa. A can take zama makonni tana yawaita, kuma ɗumin ruwa yana rage mata kwanakin jira. Sa'an nan ta fito da yawa ta huda fatar duk wanda ta tarar. Ka lura da wannan da kyau: ta fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da yaran Gema da na ƙauyukan Paraku suke tsere zuwa ruwa don su huce. Sauro ma haka yake. A kududdufi mai ɗumi, mako guda zuwa kwana goma ya ishe shi daga ƙwai zuwa mai cizo.

Akwai ɗan gaskiya a maganar iyayen. Zafi in ya wuce kima yana kashe katantanwa, ruwa mai zafi kuma iskar numfashin cikinsa takan ragu. Amma katantanwa ba wawa ba ce. Takan gangara ƙasa inda ya fi sanyi, ko ta laɓe ƙarƙashin ganyen bado, ko ta shige laka ta jira damina. Ga shi kuma duniya tana ƙara ɗumi, tsofaffinmu ma suna cewa hunturun yanzu bai kai na da ba. Kwanakin da sanyi yake danne waɗannan halittu su ne za su yi ta raguwa, a bakin kogin Okpara da kowace ƙaramar madatsa da ake shayar da shanu.

Kada ka ce ba yadda za a yi. Kurkunu ma wani ɗan ƙwaron ruwa ne yake ɗauke da shi, amma da tace ruwa da haƙa rijiyoyi aka kai ga 2009, shekarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar Benin ta rabu da shi.

To, ka hana yara iyo a tabki, musamman daga hantsi zuwa la'asar. In ba ruwan wanka sai na tabki, a ɗebo a ajiye ya kwana biyu cikakku, tsutsar ba ta kai haka da rai in ba ta sami mutum ba. Kada kowa ya yi fitsari ko bayan gida a bakin ruwa. Yaron da ya ga jini a fitsarinsa kuwa, ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu suke faɗa. A kawo shi a auna fitsarin. Maganin, Praziquantel, gwargwadon nauyinsa ko tsawonsa ake ba shi, kuma a tabbata ya ci abinci kafin ya sha.