Raddi ga Mai Fifita Kwaɗo a kan Tantancewa

Na ji wani ma'abocin ilmi, wanda ba zan ambaci sunansa ba don kada a ce gaba ce, yana da'awar cewa tsarin tantance gyara kafin a nuna wa masu karatu, wanda Wikipedia ta Jamusanci ta ɗauka tun watan Mayu na 2008, bidi'a ce mai rushe aƙidar nan ta cewa kowa yana iya gyarawa, wai gara a riƙe tsohuwar al'ada ta kulle shafi in ɓarna ta yi yawa. Na yi niyyar yi masa adalci, amma maganar ba ta da ƙafar tsayawa.

To malam, wace ƙofa kwaɗo ya bari a buɗe? Shafin da aka yi wa rabin kulli a Wikipedia ta Turanci, baƙo ba ya iya ɗiga masa ko wasali, sai ya buɗe asusu, ya kwana huɗu, ya yi gyara goma. Wanda aka yi wa cikakken kulli kuwa, masu gudanarwa kaɗai ke taɓa shi. Amma a ƙarƙashin tantancewa baƙon nan yana rubuta abin da ya sani nan take, a ajiye gyaransa a gefe, mai karatu ya ci gaba da ganin sigar da aka amince da ita, har wani amintacce ya duba ya saki, kamar yadda magabata ba sa yarda da kwafin littafi sai an yi muƙabalarsa da asali, alhali ba su taɓa ƙwace alƙalami daga hannun almajiri ba. Yaya wanda aka ce masa dakata zai fi wanda aka kora zama abin zalunta? Subhanallahi! A Janairun 2009 aka rubuta a Wikipedia ta Turanci cewa Sanata Ted Kennedy da Sanata Robert Byrd sun rasu alhali suna raye, abin da ya sa Jimmy Wales, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Wikipedia, ya nemi a kawo wannan tsari. Shi kuwa kwaɗo, a galibi, sai ɓarawo ya fita ake ɗauko shi.

Hujjarsa ta biyu ita ce jinkiri, kuma na yarda gyara yakan yi kwanaki yana jira a wurin Jamusawa. Ƙarancin masu dubawa ne ya jawo haka, ita kuwa Wikipedia ta Turanci, bayan gwajin 2010, ta taƙaita tsarin ga zaɓaɓɓun shafuka daga Disamban 2012.

Ya ce kuma za a ƙirƙiro ajin sarakai masu hatimi. Masu riƙe da mabuɗin fa, talakawa ne?

Batun cewa tantancewa ba ta tabbatar da sahihancin labari, ai babu wanda ya ce tana tabbatarwa. Ɓarna bayyananniya aka sa ta tarewa.