Kada Mu Mai da Zauren Ƙungiya Sito

 

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne, ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, iyayenmu sun taru a ƙofar gidan shugaban ƙungiyarmu ta taimakon kai da kai, aka kawo shawarar a bai wa wani dillalin hatsi hayar zauren ƙungiya, ya mai da shi sito da zarar kaka ta yi. Ba a yanke magana ba, an ce sai nan da sati biyu. Mahaifina yana cikin masu goyon baya. Da dare bayan isha'i na ce masa, "Baba, in ka ba ni izini ina da magana a kan zauren nan." Sai ya dube ni ya ce, "Kai da ba ka taɓa sayen kwano ko falle ɗaya ba?" Gaskiya ya faɗa, ban taɓa saya ba. Amma na fi shi yawan zama a cikin zauren, don haka zan faɗi abin da idona ya gani, sauran kuma ya rage ga manya.

Ga wanda bai san mu ba, Jajimaji ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Karasuwa a Jihar Yobe, tana kan hanyar Nguru zuwa Gashuwa. Da yawanmu kakanninmu daga ƙasar Kano da Katsina da Haɗeja suka zo, bayan layin dogo ya iso Nguru a 1930, suna sayen gyaɗa da fata da kifi ana lodawa a jirgi. Suka tarar da Mangawa da Badawa da Fulani, aka karɓe su, suka yi aure suka haifi iyayenmu. Lokacin da aka ƙirƙiri Jihar Yobe daga Borno a 1991, mahaifina ya riga ya kafa rumfarsa ta gero da wake da riɗi a nan. Shi da abokansa ne suka haɗa kuɗi suka gina zauren, don saukar baƙin 'yan kasuwa da tara gudummawar biki ko rasuwa. Yanzu baƙon ɗan kasuwa da wuya ya kwana, da waya ake gama ciniki. Shi ya sa suke ganin zauren ya gama aikinsa.

To, bari in ba ku labarin yadda yini yake a zauren a wannan dogon hutu, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba.

Da asuba ba kowa a ciki sai mai shara, domin hutun 'yan makaranta ya faɗo ne daidai lokacin maimai, kowane yaro yana gona. Wajen ƙarfe 10 ake fara shigowa, ƙafafu duk laka, a jingine hauya a bayan ƙofa. Masu koyarwa 'yan uwanmu ne da suka zo hutu, wasu daga Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman, wasu daga Jami'ar Tarayya ta Gashuwa wadda aka kafa a 2013. Ba a biyan su ko sisi. 'Yan firamare suna kan tabarma ana koya musu haɗa baƙi da lissafi, masu shirin WAEC da NECO kuma suna kan benci ana bitar tsofaffin tambayoyi. Ni da na tsaya a sakandare, nawa shi ne 'yan aji uku da huɗu. Akwai yaron da ya zo mana ba ya iya rubuta sunan mahaifinsa, yanzu shi yake rubuta wa uban bashin rumfa.

In an yi azahar sai a sha kunu ko fura, daga mudun geron da kowane gida yake bayarwa a farkon hutu. Daga nan maza su fita, 'yan mata su shigo da malamarsu, su yi karatu da ɗinki da saƙar hula har la'asar. Ranar Asabar ta gayya ce: a yashe kwata, a cike kududdufin da sauro ke ƙyanƙyasa, a ɗura yashi a buhu a tare bakin lungun da ruwa ke shiga. Idan ma'aikatan lafiya suka zo rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wanda ake bai wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 wata-wata a lokacin damina, samarin zauren ne ke shiga gaba suna nuna musu gidaje, don uwa ta fi sakin jiki in ta ga ɗan unguwa. A ambaliyar 2022, wadda ta yi ɓarna sosai a Jigawa da Yobe, a nan aka shimfiɗa wa wasu iyalai tabarma har ruwa ya janye. Da yamma a buga ƙwallo, da magariba a dawo a sa cajin waya a ɗan solar da muke da shi, a saurari labarai a rediyo, a yi musu, a watse.

Duk wannan, wani zai ce ai ana iya yi a gindin bishiya. Shi ya sa zan ba ku labarin mai sharar nan da na ambata, amma zan sakaya sunansa.

Yayana ne a unguwa, ya girme ni da kamar shekara biyar. Ya tafi Kudu neman kuɗi, ya dawo ba kuɗi, ba lafiya. Ya faɗa shan maganin tari mai kodin, da gwamnati ta hana shigo da shi da haɗa shi a watan Mayun 2018 kuma sai ya koma ƙwaya, har kansa ya taɓu. An yi na gida an gaji, daga baya 'yan uwansa suka kai shi asibitin masu taɓin hankali na tarayya da ke Maiduguri. Alhamdu lillahi ya samu sauƙi, aka sallamo shi da magani. Sai dai sauƙin ya dawo ya tarar da gari ya riga ya yi masa suna. Ba mai ba shi ajiya, ba mai ɗaukarsa aiki, in ya zauna a majalisa sai hira ta mutu. Ya koma ɗaki ya kulle kansa, yini guda ba ya cewa uffan, mahaifiyarsa tana kuka tana cewa ciwon zai dawo.

Wani malaminmu ne, Allah Ya saka masa da alheri, ya je har gida ya miƙa masa mabuɗin zaure ya ce, "Ɗan uwa, muna neman wanda zai riƙa buɗe mana da safe, don mu duk muna gona." Wasu sun yi ta ƙorafi, wai za a wayi gari ba sola ba benci. Yau damina ta uku ke nan, ko alli bai taɓa ɓata ba. Shi ke shara, shi ke riƙe littafin sunayen yara, shi ke auna geron kunu. Ranar da bai fito ba, kafin hantsi yara sun cika ƙofar gidansu suna kiran "Yaya, a zo a buɗe mana." Ban ce zaure ne ya warkar da shi ba, yana shan maganinsa, yana komawa ganin likita in lokaci ya yi. Amma likita ba zai iya rubuta wa mutum dalilin tashi daga barci da safe ba. Wannan mabuɗin ne ya ba shi.

Wani ɗalibin aikin jinya cikin masu koyarwa ya ce mini abin da muka yi bisa tsautsayi, wasu sun daɗe da mai da shi tsari. Na je na karanta a intanet na ga haka ne. A birnin New York na Amurka akwai wani gida mai suna Fountain House da aka buɗe a 1948, wanda asalinsa wasu da aka sallamo daga asibitin taɓin hankali ne suka fara haɗuwa don su tallafi juna. A can ba a kiran mutum majinyaci, ɗan ƙungiya ake ce masa. Da shi ake girki, da shi ake aikin ofis, kafaɗa da kafaɗa da ma'aikata, in kuma aka kwana biyu ba a gan shi ba sai a neme shi. Yanzu akwai irin waɗannan gidaje sama da 300 a ƙasashe fiye da 30. A nan Najeriya, sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Doka abu ne mai kyau, amma ba za ta taso daga Abuja ta zo Jajimaji ta yi wa mutum sallama da safe ba. Wannan aikin maƙwabta ne, kuma maƙwabtan suna buƙatar wurin haɗuwa mai ƙofa da rufi.

Yanzu bari in yi wa iyayenmu adalci, don hujjojinsu ba na banza ba ne. Sun ce rufin yana yoyo kuma asusu ba kuɗi, gaskiya ne, in ana ruwa da kwanuka muke tarar ɗigo. Sun ce wasu yara suna fakewa da lesin su guje wa gona, an yi haka. Sun ce da dare wurin yakan koma na ludo da gulma, kuma lokacin zaɓen 2023 saura ƙiris 'yan siyasa su mai da shi ofishin kamfe. Wannan ma an yi, ni kaina na ci kuɗin shayin wani ɗan takara, ba zan ɓoye ba. Amma duk waɗannan laifin rashin doka ne. In yaro ya ɓata riga, wanke ta ake yi. Kuma in aka zuba buhuna a zauren, masu ludon ba gona za su koma ba, bayan tasha za su koma, inda ba babban da zai gan su.

Akwai kuma wata magana da ta shafe mu mu Hausawan zama, wadda na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Mutum zai shekara 40 a garin nan, a nan ya samu arziki, a nan ya binne iyayensa, amma in ya tara kuɗi sai ya tafi can garin kakanni ya gina gidan da ba ya kwana a ciki sai da Sallah. In aka ce a kawo na gyaran zaure sai ya ce ai mu baƙi ne. Baƙin da suka haifi jikoki? Na san an ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, ban kuma hana kowa zumunci ba. Amma ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. Yaran da za su ɗauki gawarmu a lungunan Jajimaji suke girma.

Saboda haka ga roƙona ga zaman da za a yi. Na farko, a bai wa dillalin ƙaramin ɗakin baya kawai, daga kaka zuwa bazara, kuɗin hayar a sayi kwano da shi. Na biyu, duk mai rumfa ya ware tiya ɗaya a kaka don asusun zaure, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a duk wata uku, don rashin jin lissafi ne ke kashe zuciyar mai bayarwa. Na uku, a kafa doka a rubuce: ba lesin sai an dawo daga gona, ba fostar ɗan takara, a rufe ƙarfe 9 na dare, kuma dattijo ɗaya ya riƙa leƙowa kowane mako. Na huɗu, a faɗa da baki cewa ƙofar a buɗe take ga 'ya'yan Mangawa da Badawa da Fulani. Tun da ma suna zuwa, amma a rakuɓe suke shigowa kamar masu cin arziki, alhali iyayensu ne suka ba kakanninmu masauki. 'Yan uwanmu da ke Legas da Fatakwal da Abuja kuma, kuɗin katin waya na sati ɗaya daga kowannenku ya isa ya sayi alli da littattafan hutu guda.

Jiya da safe na biya ta zauren zan tafi rumfa, na tarar da yayan nan nawa yana jera benci. Ya ji maganar sito a gari. Bai yi mini ƙorafi ba, ya dai tambaye ni, "In an ba da wurin, wa zan mayar wa mabuɗin?" Na rasa amsar da zan ba shi, na ce ya bari tukuna sai manya sun zauna.

Baba, da sauran iyayena, ku yi mini afuwa in na yi tsaurin ido. Kafin ku yanke magana, ina roƙon ku zo ranar Litinin da ƙarfe 10 ku zauna a bencin baya na awa ɗaya, gani ya kori ji. Falle biyu na kwano kuma na ɗauka, in Allah Ya kai mu kaka.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya shirya mana zuriya. Wassalam.